Sayen agogon zamani a Garwa da kewaye: yadda za ka zaɓa, ka gwada, ka biya

A rumfunan masu sayar da waya na babbar kasuwar Garwa, haka a Marwa da Ngaundere da Kusiri, agogon zamani ya samu mazauni a cikin gilashi kusa da caja da batir. Za ka ga kwali biyu a jere, hoto iri ɗaya, suna kusan iri ɗaya, amma kuɗin wannan bai kai na buhun shinkafa ba, wancan kuwa ya kusa sayen babur. Tambayar da mutane suka fi yi wa mai shago ita ce wanne ne sabon fitowa. Ba ita ya kamata a fara yi ba.

Agogon da iyayenmu suka ɗaura, irin su Seiko da Rado, ana gadonsa. Uba ya rasu, ɗa ya kai wa mai gyara ya goge, ya ci gaba da ɗaurawa. Agogon zamani ba ya cikin wannan sahu. Dangin waya ne: batirinsa yana tsufa, manhajarsa tana da ranar da kamfani zai daina kula da ita, kuma idan babu wayar da ta dace da shi rabin aikinsa ya tafi. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: ciro wayarka ka dube ta

Wayar da ke aljihunka ita ce za ta yanke maka hukunci kafin aljihun kansa. Apple Watch ba ya tashi sai da iPhone. Mai riƙe da Tecno ko Infinix ko Samsung ya cire shi daga lissafi, ko kyauta aka aiko masa daga Faransa. Mai iPhone ɗin ma ya duba shekarunta, domin manhajar agogon da ta fito a 2025 sai da iPhone 11 zuwa sama take tafiya.

Agogunan Samsung kuma, daga Galaxy Watch 4 na 2021 zuwa yau, suna tafiya ne a kan manhajar Wear OS ta Google, kuma ba sa haɗuwa da iPhone. Akwai wani tarko a nan da ya fi shafar mu: yawancin ƙananan wayoyin itel da Tecno masu araha suna ɗauke da Android Go, wato Android ɗin da aka rage wa nauyi, kuma Wear OS ba ya aiki da shi. Ka shiga Paramètres, ka sauka zuwa bayanin waya, ka ga ko an rubuta Go.

Waɗanda ba su da wariya su ne irin su Amazfit, Xiaomi, Huawei, Garmin da oraimo. Yawancinsu suna haɗuwa da Android da iPhone ta manhajarsu: Zepp ga Amazfit, Mi Fitness ga Xiaomi, Huawei Health ga Huawei. Ta Huawei tana da ɗan wahala a Android, don ba a Play Store ake samun ta zamani ba, sai ta shagon manhajojin Huawei ko shafinsu. Ba abin tsoro ba ne, amma a yi shi a gaban mai shago.

Mataki na biyu: lissafa wuta da zafi

Nan ne ya kamata mutumin arewacin Kamaru da Cadi ya fi daɗewa yana tunani, domin masu tallan waɗannan agoguna ba da rayuwarmu suke auna su ba.

Shekara goma Apple yana rubuta awa 18 a matsayin ƙarfin batirin agogonsa na yau da kullum, sai a 2025 Series 11 ya kai awa 24. Apple Watch Ultra na farko, babban samfurinsa mai tsada, awa 36 aka ba shi. Galaxy Watch ma tsakanin kwana ɗaya da biyu yake. Ma'ana kullum dare sai ka nemi soket. Wanda ya zauna a Garwa ko Marwa a shekarun da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya ya san yadda ake rabon wuta unguwa-unguwa, mutumin Injamena kuwa ba sai an ba shi labari ba. Idan wuta ta zo awa uku, wayarka da fitila da fankar caji duk suna layi. Ƙara musu agogon da ke neman abinci kullum ƙarin ɗawainiya ne, kuma abin da ke faruwa a ƙarshe shi ne a ajiye shi cikin durowa.

A ɗaya ɓangaren akwai agogunan da ba su ɗauke da manhaja mai nauyi. Huawei Watch GT babba ana tallarsa da kwana 14 ko fiye. Amazfit da ƙananan madauran Xiaomi su ma suna kaiwa mako biyu ko kusa. Ka riƙa raba abin da aka rubuta a kwali gida biyu, domin a ɗakin gwaji aka samo shi, haske a rage, saƙonni kaɗan. Ko da an raba, mako guda ya fi kwana guda nesa ba kusa ba. A ganina, ga wanda ba shi da sola ko janareto a gida, wannan mataki kaɗai ya isa ya rufe maganar Apple da Samsung.

Sai zafi. Apple da kansa ya rubuta cewa agogonsa ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 0 da 35. A watan Maris da Afrilu nan ƙasar muna wuce 40 ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Zafi ne babban makashin batirin litiyam. Kamfanin ya ce an tsara batirin ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 1,000. Wanda ke caji kullum zai cinye wannan adadi kafin shekara uku, kuma zafinmu yana rage wa'adin. Agogon da ake caji sau ɗaya a mako bai ma kama hanyar wannan adadi ba a daidai lokacin.

Wani ƙaramin abu da ke ba mutane haushi: batirin agogo ƙarami ne, wutar da yake ja kaɗan ce, har wasu bankunan caji su ɗauka babu abin da aka jona su kashe kansu bayan 'yan daƙiƙu. Ka wayi gari agogo bai sha komai ba. Wasu bankunan suna da yanayin ƙaramar wuta da ake kunnawa da danna maɓalli sau biyu ko riƙe shi. Ka gwada naka.

Mataki na uku: faɗa wa kanka gaskiyar abin da kake so ya yi

Yawancin masu saye a nan abu huɗu suke nema: su ga mai kira ba tare da ciro waya ba, su karanta saƙo, su san lokacin salla, sannan hannu ya yi kyau. Babu laifi a ko ɗaya. 'Yan klando da direbobin hanyar Ngaundere zuwa Kusiri sun fi kowa cin moriyar na farko. Amma a bambance abu biyu: akwai agogon da ke nuna maka sunan mai kira kawai, akwai mai lasifika da makirfo da za ka amsa ta cikinsa. Shi ma na biyun ta Bluetooth yake aiki, sai waya tana kusa, kamar mita goma. Ka bar ta a gida ka tafi kasuwa, ya koma agogon duba lokaci.

Mai shago zai iya nuna maka samfurin da ake kira da shi ko babu waya, ya ƙara maka kuɗi mai yawa. A Apple da Samsung wannan aiki da layin cikin na'ura yake yi, wanda sai kamfanin layinka ya amince ya haɗa shi da lambarka. Apple yana da jerin kamfanonin da ke yin haka ƙasa-ƙasa a shafinsa. Kada ka biya ko dala a kan wannan sai ka ga sunan layinka a ciki, ko MTN ne ko Orange, ko Airtel da Moov a Cadi. Haka biyan kuɗi da agogo: Apple Pay ba ya aiki a Kamaru ko Cadi. Kuɗinmu ta *126# da #150# suke yawo, kuma wannan aikin waya ne.

WhatsApp kuwa, agoguna masu araha suna nuna rubutun saƙo ne kawai. Mu kuma mutanen saƙon murya ne. Goggo ta aiko da murya ta minti uku, abin da za ka gani a hannu alamar makirfo ce. Sauraro da mayar da amsa da murya sai a Wear OS, inda WhatsApp ya fitar da manhajarsa a 2023, da Apple Watch da ya samu tasa a ƙarshen 2025.

Maganar salla: wasu agogunan suna da jadawalin lokuta da alƙibla a ciki, wasu sai dai su karɓo sanarwa daga manhajar waya. Alƙibla ba ta yiwuwa sai agogon yana da kamfas na gaske. Girgizar da ke tayar da mutum sahur ba tare da tada yara ba, wannan ko mafi arahar madauri yana yi.

Yanzu lafiya, inda aka fi cutar mutane. Za ka ga kwali an rubuta yana auna suga da hawan jini da zafin jiki. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke da'awar auna suga ba tare da huda fata ba. Apple bai iya ba, Samsung bai iya ba, to yaya wanda ba a san kamfaninsa ba? Mai ciwon suga da ya dogara da wannan lamba ya ƙara ko ya rage magani yana wasa da ransa. Idan kana saya wa Baba ko Hajiya, ka faɗa musu wannan da bakinka.

Hawan jini ma haka. Na Samsung sai an daidaita shi da na'urar ɗaurawa a damtse duk mako huɗu, sai da wayar Samsung, kuma ba a kowace ƙasa aka buɗe shi ba. Abin da Apple ya kawo a 2025 ba ya ba da lamba. Yana nazarin kwana 30 ne ya ce maka je a duba ka. Awon zuciya na ECG da ya zo da Series 4 a 2018 yana neman wani nau'in rikicewar bugu ne, ba ya gano bugun zuciya mai kisa. Awon iskar jini da haske ake yi, kuma binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna cewa hatta na'urorin asibiti na yatsa sun fi yin kuskure a baƙar fata, suna nuna lamba sama da gaskiya. Zafin fata kuma ba gwajin zazzaɓin cizon sauro ba ne. Abin da agogo mai kyau ya iya shi ne ƙirga taku, bin bugun zuciya da lissafin barci. Ga mai zaman shago daga safe zuwa magariba, ganin cewa bai yi taku dubu biyu ba a wuni yana iya sa shi ya taka zuwa masallaci mai nisa. Wannan amfani ne na gaske, kuma ba ya buƙatar agogo mai tsada.

Mataki na huɗu: gane abin da tsadar take saya

A 2015, da Apple ya fito da agogonsa na farko, ya yi na zinariya mai karat 18, farashi daga dala 10,000 zuwa 17,000 na Amurka. Mafi tsadan ya kai kimanin sefa miliyan 10 a canjin lokacin. Cikinsa iri ɗaya ne da na alminiyam mai dala 349. A 2018 sabuwar manhaja ta fito ba ta hau kansa ba. Shekara uku ke nan. A 2023 kamfanin ya sa shi cikin kayan da ya daina gyarawa. TAG Heuer na Suwizalan ya shigo a ƙarshen 2015 da nasa a kan dala 1,500. Fossil, wanda ya daɗe yana yin agogon zamani na ado, ya tattara ya fita daga harkar a farkon 2024. Zuba zinariya a jikin na'urar da ke da wa'adi kamar yi wa dokin aro sirdin azurfa ne. Ga namiji Musulmi ma an huta, zinariya ba tasa ba ce.

Tsadar yau ta sauya salo. Maimakon zinariya, ƙarfen titaniyam ake sayarwa da gilashin safaya da sunan jarumta. Apple Watch Ultra ya fito a Satumbar 2022 a kan dala 799. Samsung ya biyo da Galaxy Watch Ultra a 2024 a kan dala 649. Garmin Fenix 8 ya fara daga kusan dala 1,000. A Faransa an sa wa Apple Watch Ultra 2 yuro 899, kuma tunda canjin yuro a tsaye yake a sefa 655.957, lissafin ba wuya: kusan sefa 590,000, kafin kuɗin jirgi, kwastan, harajin kaya (kashi 19.25 a Kamaru), da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi a Cadi sefa 60,000 ne, haka a kamfanonin Kamaru da ba na noma ba tun 2023. Albashin wata goma ke nan a wuyan hannu.

Ban ce ba su da kyau ba. An yi su ne don masu nutso a teku, masu hawan dutse da masu gudun dogon zango. Fuskar Ultra 2 tana da hasken da ake karantawa tsakar rana, gilashin safaya kuma yana jure karce, abin da ke da amfani a ƙasar yashi. Amma saƙon da zai nuna maka shi ne wanda Apple Watch SE mai dala 249 zai nuna. Idan don a gani ne, ka sani cewa kwaikwayon Ultra ya cika kasuwa har ya kashe masa kwarjini: ka shiga ɗaurin aure da na gaske, yaron da ke raba goro yana ɗaure da irinsa a ido.

Ga lissafin da nake ba kowa shawara ya yi. Ka ɗauki farashi, ka raba da shekarun da kake tsammanin zai yi, uku zuwa biyar ga na kirki. Agogon 590,000 a shekara huɗu ya kama kusan 12,000 kowane wata. Na 40,000 a shekara uku bai kai 1,200 ba. Ka tambayi kanka ko bambancin aikin ya kai ninki goma. Mai son abin da zai bar wa ɗansa ya sayi agogon gargajiya mai kyau, ya ƙara da ɗan madauri mai araha don ƙirga taku.

Mataki na biyar: a cikin shago

Ka je da rana, da wayarka cike da caji da data. Kada ka saya a kwali a rufe. Idan mai shago ya ce, "Alhaji, in na buɗe sai ka ɗauka," ka ce masa, "Maigida, in ya yi abin da ka faɗa na ɗauka, in bai yi ba kayanka ne." Wanda ya yarda da kayansa ba ya ƙin wannan.

Fara da haɗawa da waya, don nan ake kama jabu. Apple Watch na gaske ta manhajar Watch da ke cikin iPhone yake haɗuwa: wani gajimare mai juyawa zai bayyana a fuskarsa, ka saita kyamara a kai. Idan ka kunna ya nuna maka lambar QR ya tura ka sauko da FitPro ko HiWatch ko Wearfit Pro, ba na Apple ba ne, ko me aka buga a kwali. Sunaye irin su T500, T800 Ultra da HK9 duk 'yan wannan gida ne. Lambar siriyal kaɗai ba hujja ba ce, ana kwafo ta daga kwalin gaske. Galaxy Watch kuma ta Galaxy Wearable yake shiga. Sayen kwaikwayo ba laifi ba ne idan ka san shi ka saya kuma kuɗinsa ka biya. Cutar ita ce a karɓi kuɗin asali a ba ka shi.

Bayan ya haɗu, fita da shi bakin rumfa, cikin rana. Fuskar da ke walƙiya a inuwa tana iya zama baƙi ƙirin a waje. Ka buɗe wani shafi mai farin bango ka ga iyakar hoton. A jabu za ka tarar da baƙin gefe mai kauri, musamman ta ƙasa, wanda baƙin bango ke ɓoyewa.

Sai ka sa wani ya turo maka saƙo mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, kamar "ƙarfe biyar a ɗakin Ɓaidu", da wani cikin Larabci. Agoguna da yawa masu araha akwatuna ko alamar tambaya suke nunawa a wurin waɗannan haruffa, wasu kuma su wargaza Larabcin harafi-harafi daga hagu. Ka sa a kira ka, ka amsa a tsakiyar hayaniyar kasuwa, ka tambayi mai kiran ko yana jin ka.

Gwajin bugun zuciya: ɗaura shi sama da ƙashin wuyan hannu da kamar faɗin yatsa, ya kama fata ba tare da matsi ba. Ɗora yatsu biyu a jijiyar ɗaya hannun, ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu, ka kwatanta. Sannan ka yi sauri zuwa ƙarshen layi ka dawo. Na gaske lambarsa za ta hau, ta sauko a hankali. Na bogi zai ci gaba da yawo tsakanin saba'in da wani abu ko gudu ka yi, don lambar daga kansa yake ƙirƙiro ta.

Duba rubutun ruwa da ƙura. A IP68, lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, abin da za ka gode wa lokacin hunturu. 5 ATM shi ne wanda aka gwada da matsin ruwa na mita 50, ya fi dacewa da mai alwala sau biyar. A ƙarshe ka tambayi caja: kusan kowane samfuri da irin tasa, kuma idan ta ɓace a Garwa wataƙila sai an aiko daga Duwala ko Kano. In akwai ta biyu, haɗa da ita cikin ciniki.

Idan na hannu ne

Kayan okaziyo daga Turai da Dubai suna shigowa, kuma a nan ne ake samun Apple da Samsung na gaske a farashi mai sauƙi. Abu uku za ka duba. Na ɗaya makulli: Apple Watch yana ɗaure da asusun mai shi, kuma ko an goge shi zai nemi kalmar sirrin wancan mutum. Babu mai gyaran da zai cire maka wannan. Sai ka ga ya haɗu da iPhone ɗinka har ƙarshe kafin kuɗi su bar hannunka. Na biyu batir: Réglages, Batterie, État de la batterie. Abin da ya kusa kashi 80 ya gaji, ka tuna kuma babu shagon Apple na kansa ko ɗaya a Afirka, canjin batir a hannun mai gyara yakan tafi da kariyar ruwa. Na uku shekaru: manhajar 2024 ta bar Series 4 da 5 da SE na farko a baya. Yau kada ka sauka ƙasa da Series 6, gara ma sama da haka.

Ciniki da takarda

Ka san farashin yuro ko dala kafin ka fito, ka juya shi zuwa sefa. Wanda aka ce sabo ne na asali amma kuɗinsa bai kai na Turai ba, akwai magana a ciki. Ka nemi rasit mai ɗauke da sunan samfuri, lambar siriyal, kwanan wata da kwanakin garanti. "Ai mun saba" ba ya dawo da kuɗi. Idan ta waya ka biya, adana saƙon. Mai yin oda daga Duwala ko Yawunde ta motar haya ya nemi a biya rabi, sauran bayan gwaji, ko ya wakilta ɗan'uwa ya yi gwajin a can.

Bayan an kai gida

Ƙorafin da aka fi yi a makon farko shi ne saƙo ya daina zuwa. Sau da yawa ba laifin agogo ba ne. Wayoyin Tecno da Infinix da itel suna kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye don tsimin batir. Ka ba manhajar agogon izinin karanta sanarwa, izinin tashi da kanta, ka cire ta daga tsimin batir, ka kulle ta a jerin manhajojin da aka buɗe don kada sharewa ta tafi da ita. Sannan ka zaɓi waɗanda za su riƙa girgiza ka. Wanda ke cikin zauren WhatsApp goma ya bar su duka, hannunsa ba zai huta ba, batir ma haka. Kashe fuskar da ke kunne kullum da awon iskar jini na dare, za ka ga kwanaki sun ƙaru. Ka koyi sa shi shiru kafin Juma'a ta zo.

Wajen alwala ka sassauta ko ka cire, ruwa ya kai ga fata, ka goge ƙasan agogon kafin ka mayar. Sabulu da ruwan zafi suna cinye robar da ke tare ruwa, don haka ban da wanka. Turare ma kada a fesa a kai. Madaurin roba da gumin bazara suna kawo ƙaiƙayi da ƙuraje. A wanke shi duk mako, ko a canza zuwa na zare. Idan ka zaɓi agogon da ke karɓar madauri gama-gari na milimita 20 ko 22, dukawan Marwa za su yanka maka na fata daidai hannunka, sai dai fata ba ta son ruwa, na fita ne. Mata masu lalle har wuyan hannu su lura: zane mai duhu a ƙarƙashin koriyar fitilar da ke ƙasan agogon yana iya rikita awo, a ɗan matsar da agogon sama. Kada a yi caji a rana ko a bar shi a mota. Ɗalibi kuma ya bar shi a gida ranar jarrabawa.

Yaushe ake canzawa zuwa sabo

Kamfanoni kowace shekara suke fitar da sabo, Samsung wajen Yuli, Apple a Satumba. Bambancin shekara da shekara kaɗan ne. Series 6 da 7 da 8 kusan ƙwaƙwalwa ɗaya suka yi amfani da ita. Abin da ya sauya faɗin fuska ne, saurin caji da awon zafin fata. Wani lokaci ma sabon yana zuwa da ragi: daga Janairun 2024 agogunan Apple da aka sayar a Amurka sun fito babu awon iskar jini saboda shari'arsu da kamfanin Masimo, sai a Agustan 2025 aka dawo da shi ta wata hanya. Mai sayen kayan Amurka na wannan tsakani ya duba.

Dalilan canji na gaske uku ne: batir ya daina kai ka dare, kamfani ya daina aiko da sabunta manhaja, ko ka sauya waya daga Android zuwa iPhone ko akasin haka. In ba ɗaya daga ciki, sabon madauri da sabon zanen fuska sun isa. In kuma canjin ya zama dole, samfurin bara ya fi riba, domin farashinsa yana sauka da zarar sabo ya fito, a nan kuwa sai bayan wata biyu ko uku sauƙin ke isowa.

Kafin ka sayar da tsohon ko ka ba ƙanenka, raba shi da wayarka ta cikin manhaja, ba gogewa daga agogon kaɗai ba. A iPhone ka buɗe Watch, ka zaɓi Déjumeler, ka sa kalmar sirrinka; wannan ne ke cire makullin. A Samsung da sauran ka yi Réinitialiser, sannan ka cire shi daga asusunka. Ka haɗa masa da cajarsa, domin a kasuwa agogon da ba shi da caja rabin kuɗi ake taya shi.